Tsohon Pyrex na Ingila ko setin shayin Royal Albert?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya wanne za ki saya, tsofaffin kwanonin gilashi na Pyrex ko setin shayi na tangaran na Royal Albert. Tunda ɗaya kawai za ki ɗauka cikin kayan gwanjon da dillaliyar ta kawo, ki ɗauki Pyrex ɗin, matuƙar murafensa suna nan.

Ina da irinsa, farare masu ƙananan furanni, na mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta. A ciki ake kai wa Baba miya tun ina 'yar firamare, kuma da azumi a babban ake zuba farfesu idan za a yi baƙi. Sun sha hannun yara, sun sha tashi daga wannan gida zuwa wancan, har yau babu wanda ya tsage. Duk ranar da na fito da su sai wata ta tambaye ni inda na samo.

Ki kife kwanon ki duba gindinsa. Idan kin ga hoton kambi da haruffan JAJ, na kamfanin James A. Jobling ne na garin Sunderland a Ingila, wanda ya fara yin Pyrex a farkon shekarun 1920 da izinin kamfanin Corning na Amurka. An rufe masana'antar a 2007, don haka waɗanda ke hannun mutane su ne suka rage. Tambarin a jikin gilashin yake, za ki ji tudunsa da yatsa, shi ya sa yake da wuyar kwaikwayo. Murfi kuma ba ƙaramin abu ba ne wajen kuɗi, domin shi ya fi fashewa, samun wanda zai zauna daidai kan tsohon kwano wahala ce. Wanda ba shi da murfi ki taya shi ƙasa sosai.

Shi Royal Albert yana da kyau a kabet, iyakarsa ke nan a wurina. Mai jajayen wardin nan, Old Country Roses, ya fito tun 1962, an buga shi da yawan gaske, kuma daga 2002 aka mayar da aikin Indonesiya. Wanda babu England a ƙarƙashinsa bai kai kuɗin da ake faɗa ba. Ruwan zinaren bakinsa yana gogewa, kuma kofi ɗaya ya ɓantare darajar setin duka ta faɗi. In dai zuciyarki na kansa, ki haska tocilar waya a cikin kofin. Na ainihi da tokar ƙashin shanu ake haɗa shi, haske yana ratsa shi har ki ga inuwar yatsunki. Ki ƙwanƙwasa shi a hankali, lafiyayye yana ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take.

Ba ki tambayi wannan ba amma sai na faɗa, domin akwai marasa tsoron Allah a harkar nan. Wasu suna shafa wa tsohon Pyrex mai idan fentinsa ya koɗe, sai ya yi ta sheƙi kamar sabo, wankin farko asiri ya tonu. Ki sa a wanke shi da sabulu a gabanki, ya bushe, sannan a yi ciniki. Wasu suna manna takardar farashi daidai kan ɓantara, wasu su liƙe mariƙin butar shayi da gam. Ki bi bakin kowane kofi da mariƙinsa da farce. Haka kuma idan kin ga an karce tambarin Royal Albert da layi, alama ce ta cewa tun a kamfani aka ware shi saboda aibi, kuɗinsa ba ɗaya ba ne da mai lafiya.

Kada ki tura ko sisi kan hoto guda da aka ɗauka da dare. Ki ce ta ɗauka da rana kusa da taga, a kan farin ƙyalle, ba fulash, domin fulash yana ɓoye karce a jikin gilashi. Ki nemi hoton gindi, na baki, da na murfi shi kaɗai. Idan ta fara kwana-kwana a kan hoton gindin, ki bar mata kayanta.

Idan Pyrex ɗin ya zo hannunki, kada ki ɗora shi kan gas ko risho, kuma kada ki zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, nan take zai tsage.