Debian da ɗan shirin quiz a wajen lesin ɗinmu na Pantami

Wata uku kenan da na haɗa saba, wato kwamfutar da sauran kwamfutoci ke shiga su yi aiki a kanta, a ɗakin da muke wa yara lesin a Pantami, nan cikin Gombe, kuma mutane da dama sun tambaye ni me na ɗora mata, to ga bayani. Kwamfutar tsohuwar destof ce mai RAM 4GB, ba wata ta a zo a gani ba. Cikin manhajojin da ke tafiyar da saba, Windows Server tun farko na cire shi daga lissafi saboda kuɗin lasin, CentOS 7 kuma da wani abokina ya ce in gwada, an daina tallafa masa tun 30 ga Yunin 2024, ba zan ɗora yara a kan abin da ba a ƙara gyara shi ba. Sai ya rage Ubuntu Server 24.04 da Debian 12.

Ubuntu na fara sakawa, gaskiya yana da daɗin girkawa kuma tallafin shekara biyar ne, amma yana sauke ɗaukaka da kansa a bayan fage, mu kuma da hospot ɗin waya muke aiki, kafin ka ankara data ta yi ƙasa. Ana iya kashe wannan, na sani, amma dai na koma Debian, na sauke babban fayil ɗin DVD a flash sau ɗaya na girka ba tare da intanet ba. Wallahi ya kwanta min. Injin ko nishi ba ya yi, in an ɗauke wuta aka dawo da ita sai ya tashi abinsa. Abu ɗaya da zai iya rikita sabon shiga, in ka sa wa root, wato asusun mai cikakken iko a kan injin, kalmar sirri lokacin girkawa, ba za a ba ka sudo ba, wato umarnin da ke ara wa asusunka ikon root, sai ka saita da hannunka.

Abin da ya fi burge ni shi ne shirin quiz. Yana cikin ƙunshin wasannin bsdgames, apt install bsdgames kawai za ka rubuta. In kana root ka kira shi ya ce babu, kar hankalinka ya tashi, yana /usr/games ne. Ba hoto ba linzami, baƙin allo ne da rubutu, ya jefo maka tambaya ka rubuta amsa, in ka dace ya ce Right, in ka kuskure ya ce What ya jira ka sake gwadawa, in ka danna Enter ba ka rubuta komai ba ya faɗa maka amsar ya wuce gaba.

Tambayoyin da ya zo da su yawanci na can ne, shugabannin Amurka da jihohinsu da makamantansu, don haka na rubuta namu. Fayil ne na rubutu zalla, tambaya da amsa, ɗigo biyu a tsakani. Na zuba ƙananan hukumomin Gombe 11 da hedkwatocinsu, Akko:Kumo, Funakaye:Bajoga, Balanga:Talasse, Kwami:Malam Sidi, har ƙarshe, na nuna wa quiz fayil ɗin jagora, wato wanda ke faɗa masa inda fayilolin tambayoyi suke, ta hanyar ƙara -i a umarnin. Ranar farko wata yarinya 'yar SS2 ta tsaya cak a kan Shongom, tana ciza yatsa, ƙawayenta na mata raɗa ta baya, da amsar ta fito Boh sai ta ce Malam don Allah a maimaita daga farko. Ta yi sau uku a jere har ta cinye duka. Wannan ne ya sa na ce aikin bai tafi a banza ba. Kuma kana iya juya shi, ya ba da hedkwata a nemi ƙaramar hukuma.

Inda ya gaza kuma ba zan ɓoye ba. Ba shi da zaɓin A, B, C, D irin na JAMB, kuma ba ya ajiye maki, yana nuna su a ƙarshe shi kenan, sai dai in kwafe a littafi. Haruffa masu lanƙwasa ma na guje su a amsoshi saboda kibod ɗin yaran babu su. Yanzu dai laftof huɗu ke shiga sabar ta SSH, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa, kuma wannan satin alamomin sinadarai nake shirya wa 'yan ajin kimiyya.