Shafin NHTSA na duba kiranyen motoci: abin da yake yi wa mai sayen a-kori-kura a Yamai

Duk wanda zai sayi Tacoma ko F-150 cikin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ta Lome ko Kwatano, ya kamata ya fara da shafin intanet na NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, kafin a yi maganar kuɗi. Kyauta ne, kuma yana buɗewa a waya. Lambar shasi kawai yake nema, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba wajen direba da kuma jikin ƙofa. A kwafo ta daga jikin motar, a gwada da ta takarda. Babu harafin I, O ko Q a cikinta, don haka abin da ya yi kama da O sifiri ne.

Idan kamfani ya yi kiranyen motar, wato ya nemi a maido ta a gyara wani aibin ƙira kyauta, kuma ba a kai ta gyara ba, shafin zai nuna matsalar da irin gyaran da aka tsara. Nan ne amfaninsa. A 2017 Toyota ta kira Tacoma kusan 228,000 ƙirar 2016 da 2017 saboda pon na baya, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi ga ƙafafun baya, yana yoyon mai ta wajen juwan, abin da ke toshe mahaɗarsa. Mai na ƙarewa, haƙoran ciki su fara kuka, daga nan su cije, ƙafafun baya su tsaya cak ana cikin gudu. Kan hanyar Doso zuwa Tawa da lodi a baya, wannan ba wasa ba ne. A 2024 kuma ta kira Tacoma kusan 381,000 ƙirar 2022 da 2023: ɓurɓushin walda da aka bari a bakin akis na baya, ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, yana sa noti su saki, har wani sashe ya iya rabuwa, birki ma ya taɓu. Ford ta kira F-150 fiye da 184,000 a ƙarshen 2021 don abin tare zafi da ke ƙarƙashin mota yana saki ya riƙa gugar sandar da ke kai ƙarfi daga buwat (akwatin giya) zuwa pon, wadda ta alminiyom ce, har ta karye.

Sai dai shafin yana da iyaka. Da Ingilishi yake, babu Faransanci. Hilux, wadda ita ta cika garinmu, ba a sayar da ita a Amurka, saboda haka wadda ta zo daga Dubai ko Turai ba za a ga komai a kanta ba, kuma shirun ba shaidar lafiya ba ne. Gyaran kyauta ma wajen dilolin can ake yin sa. A nan aljihunka ne zai biya, shi ya sa ya fi kyau a san matsalar tun ana ciniki, a rage farashi.

Abin yi shi ne a kai wa makanike bayanin, a ɗora motar kan rami. Ya duba ko akwai danshin mai da ƙura ta manne a kewayen pon, ya kwance bushon na sama, wato murfin kafar zuba mai, ya sa yatsa: ya kamata man ya kai bakin kafar. Idan babu yoyo, a ƙara ɗaure notin. Idan akwai, a canza juwan da notin gaba ɗaya, kada a yarda da shafa silikon daga waje. Sandar F-150 kuwa, a bi ta da hannu a nemi zanen guga, a girgiza ta a ji ko tana wasa.