Ta wuyan hannu aka bi aka gyara mini jijiyar laka

An yi mini hoton jijiyoyin laka ta hanya biyu, ta matsematsin cinya da ta wuyan hannu, don haka ina da bakin magana a kan bambancinsu. Ta hannun ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai sauƙin shiga daban, gano ciwon daban, kuma na biyun shi ne ya dawo mini da ƙafafuna.

Ciwon nawa ya faro ne da nauyin ƙafa da jin kamar kiyashi na bi na a tafin ƙafa, daga baya fitsari ya fara gagarar riƙewa. A gida kowa da abin da ya kira shi: sanyi, basir, zamewar ƙashin baya. Ashe wata 'yar jijiya ce mai kai jini ta haɗe kai tsaye da wadda ke mayar da jini, a jikin fatar da ta lulluɓe laka. Jini mai ƙarfi ya riƙa turuwa inda bai kamata ba, jijiyoyin da ke kwashe jini daga laka suka cushe, lakar ta kumbura. Wannan shi ne nau'in da aka fi samu a cikin larurorin jijiyoyin laka, ya fi kama maza da suka haura hamsin, kuma sau da yawa ana shekara ko fiye ana neman maganin wani abu daban kafin a gane shi. Hoton MRI yana nuna kumburin da murɗaɗɗun jijiyoyi, amma ba kullum yake nuna ainihin inda haɗin yake ba.

Shi ya sa ake zura siririn bututu cikin babbar jijiyar da ta taso daga zuciya ta gangara ta gaban ƙashin baya. Daga ita ƙananan jijiyoyi ke fita bibbiyu, dama da hagu, kusan a kowace gaɓa. Likita zai leƙa su ɗaya bayan ɗaya yana fesa ruwan da ke haska su, kamar mai bin gida-gida a unguwa yana neman inda famfo ya fashe. Aiki ne mai cin lokaci da haƙuri.

A asibitin farko ta cinya aka bi, kuma ba a gano komai ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan an gama: sa'o'i kwance rigingine, ba lanƙwasa ƙafa, ba juyi, ga baya na zogi, ga mara a cike. Mai lafiyar baya ma yana jin jiki, balle wanda lakarsa ce ke ciwo.

A Alƙahira aka bi ta hannun hagu. Likitan ya bayyana mini dalili ta bakin tafinta: jijiyar hannun hagu tana faɗawa ne kusa da inda babbar jijiyar ta juya ƙasa, don haka hanyar ta fi miƙewa, kuma bututun ba ya gilmawa ta gaban yawancin jijiyoyin da ke hawa ƙwaƙwalwa. Kafin komai sun danne jijiyoyin wuyan hannun biyu suna sakin ɗaya, don su tabbata tafin hannu zai samu jini ko da wadda za a huda ta toshe. Allurar kashe zafi 'yar kaɗan ce. Abin da na ji sosai shi ne maganin da suka tura don kada jijiyar ta tsuke. Zafi ne ya ratsa hannun har gwiwa, sannan ya lafa.

Sun gano haɗin a ƙasan haƙarƙari. Kafin su taɓa shi sai da suka nemo babbar jijiyar da ke ciyar da ƙasan laka, wadda ake kira da sunan likita Adamkiewicz, galibi tana fitowa ne daga hagu. Idan gam ɗin da za a toshe haɗin da shi ya shiga cikinta, shanyewar ƙafafu ce. Da suka tabbata ita da haɗin ba reshe ɗaya suke ba, sai aka yi mini allurar barci aka toshe haɗin da gam na asibiti. Wannan taka-tsantsan ɗin shi ya sa na yarda da su, ya fi mini duk wani kyan gini.

Da na farka, wata roba ce mai iska ɗaure a wuyan hannuna, ana rage iskar kaɗan-kaɗan. Na zauna, na ci abinci da hannun dama, na yi sallah a zaune. Ɗana ya riƙe ni na shiga banɗaki da ƙafata.

Hanyar tana da nata wahalar. Hannun ya yi baƙi-baƙi da taruwar jini na ɗan lokaci, an hana ni ɗaga abu mai nauyi ko lanƙwasa shi, kuma tunda hagu ce, tsarki ya zama aiki; wannan ya kamata a riƙa gaya wa majinyatanmu tun kafin a shiga. A wasu mutane jijiyar kan toshe gaba ɗaya bayan aikin, ko da yake yawanci ba sa jin komai. Sannan daga wuyan hannu zuwa ƙugu tafiya ce mai nisa, dogon mutum na iya fin bututun tsawo, wasu jijiyoyin kuma kwanarsu ta fi dacewa da wanda ya taho daga ƙasa. Shi ya sa aka aske mini cinyar aka shirya ta, ko da hannun zai ƙi.

Likitocin zuciya ne suka buɗe wannan hanya. Lucien Campeau ya wallafa aikinsa a Kanada a 1989, Ferdinand Kiemeneij a Holan ya biyo baya da buɗe toshewar jijiyar zuciya ta hannu a farkon shekarun 1990. Likitocin ƙwaƙwalwa da laka sun makara wajen karɓarta, don haka ba kowane ne hannunsa ya faɗa ba. Ka tambayi likitanka kai tsaye wace hanya ya fi sabawa da ita. Gwanin cinya ya fi ɗan koyon hannu.

Yanzu ina tafiya masallaci ba sanda, ina zuwa gashin ƙashi. Fitsarin bai daidaita sarai ba, kuma sun faɗa mini tun farko cewa shi ne ke jinkirin dawowa. Akwai wani MRI da zan yi don a duba ko haɗin ya sake buɗewa, domin gam ba kullum yake riƙewa ba, wani lokaci sai an koma ga tiyata.