Dillalan gidajen haya a Garwa: sun iya nemo gida, takarda kuwa sai ka bi da ƙafarka

Mai neman sayen gidan da zai zauna a shiyya ɗaya ya zuba 'yan haya a sauran ɗakunan, da wuya ya samu a Garwa, a arewacin Kamaru, ba ta hannun dillali ba. A nan kam sun cancanci yabo. Daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya sun san gidan da magada ke shirin rabuwa da shi tun kafin maganar ta fito fili. Sai dai a yanke la'ada tun farko, a kuma faɗi wanda zai biya, mai saye ko mai sayarwa.

Rauninsu takarda. Da yawa za su nuna maka takardar ciniki mai hatimin jauro, wato mai unguwa, su ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. A dokar filaye ta 1974, titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, shi ne shaidar mallaka, kuma cinikin fili mai titir da bai bi ta gaban noter (jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki) ba ɓatacce ne. Karɓi lambar titir ɗin, ka je ofishin rajistar filaye na MINDCAF, ma'aikatar da ke kula da filaye, ka nemi takardar da ke nuna sunan mai shi a yau, da ko an jinginar da shi a banki. In gidan gado ne, sai an ga hukuncin kotu da ya lissafa magada, kowa ya amince. Ɗan'uwa ɗaya da ke Injamena bai sa hannu ba ya isa ya tsayar da komai.

Lissafin haya ma dillali cika shi yake yi fal. Misali ɗaki huɗu a sefa 15,000 kowanne, zai ce maka 720,000 a shekara, kamar ɗaki ba ya zama fanko, kamar ba a kwashe masai. Ka cire haya ta wata biyu kafin ka yi murna. Ka zauna da 'yan hayan da ke ciki ka tambayi wata nawa suka biya gaba, don kuɗin nan yana aljihun tsohon mai gida, a farashi za a zabtare shi.

Gidan kansa, a duba shi da damina, musamman unguwannin kwari da ke kusa da Binuwai. Sabon fenti a gindin bango, tsayin gwiwa, yawanci danshi yake ɓoyewa. Ɗakin kwano marar silin ba ya riƙe ɗan haya a zafin Afrilu. Mitar wuta guda ga gida duka kuwa rigima ce duk ƙarshen wata, mai fanka ɗaya ba zai yarda ya biya daidai da mai firiza ba. A ƙirga kuɗin raba mita, da na fasa wa 'yan haya ƙofarsu daban da ta iyali, a sa su cikin tayi tun kafin a yi sallama.