Tarwaɗa ko karfasa a tafkin ƙauye?

Ɗan'uwa, tsakanin tarwaɗa da karfasa da ka tambaya, tarwaɗa za ka zuba. Duka biyun na kiwata a tafkin ƙasa. Ɗaya ina kanta har gobe, ɗayar kuwa ko sunanta aka ambata sai na tuna asarar da na tafka.

A shekarata ta biyu na san darajar tarwaɗa. Ƙarshen rani ne, ruwa ya ja baya har bai kai gwiwa ba, duk ya dagule da taɓo. Sai ga ciwo ya kwantar da ni kwana 5, ba mai ƙara ruwa, ba mai leƙawa. Ranar da na miƙe, kwando da shebur na ɗauka, don na riga na sa a raina mushe zan je in kwashe. Ina isa na ga ruwan yana motsi, suna ta tasowa ɗaya bayan ɗaya, su kurɓi iska su nutse. Na watsa abinci, suka yi masa caa. Wallahi sai da na zauna a bakin tafkin na yi hamdala. Allah ya yi wa tarwaɗa wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari kai tsaye, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wani kifin a dare ɗaya. Kada dai ka mai da wannan hujjar barin ruwa ya ruɓe, ƙazamin ruwa yana tsayar mata da girma.

Ba zan ɓoye maka ba, ci gare ta. Abinci mai furotin kashi 35 zuwa 45 cikin 100 take so, kuma shi ke lashe fiye da rabin kuɗin kiwon. Kowane kilo 1 da za ta ƙara, sai ta ci kilo 1 da ɗoriya. In ka ƙosar da ita, wata 5 zuwa 6 ta kusa kilo 1, in kuwa ka haɗa ta da dusa zalla, kai kawai za ta yi. Sannan babbar tana haɗiye ƙaramar. Da yake kama 'ya'yan kifin a tafkin ƙasa aiki ne, ni a cikin raga nake fara renonsu a gefen ruwa, duk mako 2 in ware waɗanda suka zarce, sai sun yi ƙwari in sake su. Ka ɗaga gaɓar tafkin ka kewaye shi da raga, don daren da aka yi ruwan sama sosai tarwaɗa tana jan ciki ta fita. Ragar za ta kuma rage maka ɓarnar guza, in ka ja zare ta sama zalɓe ma zai sha wuyar sauka.

Karfasa, to, gaskiya ciyar da ita da sauƙi: ka sa taki ruwa ya yi kore, ka ƙara dusa. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Tun tana 'yar wata kaɗan take fara haihuwa, macen ta ɗauki ƙwai a baki ta daina ci, tafki ya cika maƙil da ƙanana. Da na ja koma, mafi yawa ba su wuce faɗin yatsu uku ba. Sai maza zalla ne ke yin girman kirki, ni kuwa da sunan maza zalla aka sayar mini da su.

Wannan ya kawo ni kan masu sayar da 'ya'yan kifi, ko da yake ba ka tambaya ba. Wasu in sun ware masu saurin girma, ragowar da suka tsumbure ne suke turo wa sabon shiga a matsayin sabuwar ƙyanƙyasa. Kada ka yarda da aike. Je da ƙafarka, ka tambayi ranar da aka ƙyanƙyashe su, a ba su abinci a gabanka ka ga yadda suke wawa. In ka ga kai babba jiki siriri, ko girmansu ya sha bamban, juya abinka. A ƙirga maka su kana tsaye, ban da awon kofi. Buhun abinci ma ka duba ɗinkinsa da kwanan watansa, ka sansana, mai warin hunhuna kada ka karɓa ko kyauta ne.

Kafin ka ɗauko 'ya'yan tarwaɗar, tafkin ya kai zurfin mita 1 zuwa 1 da rabi, ka busar da shi, ka barbaɗa farar ƙasa, ka cika ruwa ya kwana kamar mako 1 zuwa 2. Da sanyin safiya za ka kawo su, ka riƙa zuba ruwan tafkin cikin mazubin kaɗan-kaɗan kafin ka sake su. Adadin kuma, lissafa buhunan da aljihunka zai iya saya har wata 6, ka zuba iya waɗanda za su ci su.