Gyaran tsohuwar taraktar yankan ciyawa a Jos: Baba na Dilimi ya san inji, amma sai ka tanadi haƙuri

Jama'a duk wanda yake da irin ƙaramar taraktar nan ta yankan ciyawa wadda ake hawa ana tuƙawa, ta kwanta masa a Jos ya rasa wanda zai taɓa ta, toh akwai wani dattijo a ɓangaren Dilimi, can cikin layin masu gyaran janareto da injin ban ruwa, da zan iya cewa a kai masa. Ba talla nake masa ba, shagon ko allo babu, rumfar kwano ce da benci da tarin matattun injina har bakin kwata. A harkar inji na ba shi maki mai yawa, a cika alkawari kuwa sai addu'a, sannan akwai wani abu da yaransa suka yi wanda bai min daɗi ba ko kaɗan.

Taraktar tamu gwanjo ce, irin wadda ake loɗowa daga Amurka cikin kwantena tare da kekuna da firji. Yayana ya saye ta saboda filin makarantar da yake riƙewa a hanyar Bukuru, don kun san Jos in damina ta sauka daga Afrilu har Oktoba ciyawa ba ta jin magana, ka sa lebura da langalanga ya fara daga wannan kusurwa kafin ya kai waccan ta farkon ta sake tashi. Injin Briggs & Stratton ne a kanta mai silinda ɗaya, doki 17.5, faɗin yankanta inci 42. Ta yi aiki, sai aka ajiye ta rani guda da fetur a tanki, da aka zo tadawa ta ce ba ta san zancen ba. Ka murɗa ki ta yi gur ɗaya ta tsaya kamar an riƙe mata wuya. Masu gyaran mota biyu sun gani, ɗaya yace batir ɗaya yace kik, an sayi batir sabo dal babu abin da ya canza.

Abin da ya fara burge ni da Baba, bai ce a sayo komai ba. Ya sa yaro ya goge saman murfin bawul da tsumma ya karanta lambobin da aka buga a jiki, akwai Model da Type da Code, yace min Alhaji ka ga wannan Code ɗin, lamba biyun farko shekara ce, biyu na gaba wata, na gabansu rana, injinka na 2006 ne. Ni da nake ganin lambobin kullum ban taɓa kawo cewa takardar haihuwa ce ba. Yace ko a ina zan nemi kayan injin nan waɗannan lambobin zan bayar, ba sunan da ke jikin bodin tarakta ba, don kamfanin da ya yi bodi daban wanda ya yi inji daban.

Daga nan ya cire fulogi ya juya injin da hannu ta saman fanka yana saurare, sai ya kwance murfin bawul. Ya tura sukundireba siririya ta ramin fulogi yana juyawa a hankali har fistin ya hau ƙololuwa, ya ƙara juyawa kaɗan ya sauka kamar kwatan inci, sannan ya zaro fila gej ɗinsa, siraran ƙarafan nan da ake auna tazara da su, daga aljihun gaba, duk ta yi baƙi da mai amma lambobin na fita. Ya zura tsakanin bawul da ɗan ƙarfen da ke danna shi, ta shige tana lilo. Yace ka gani ko, ƙofa a buɗe. Ya ɗaure na shigar mai a 0.004 na inci, na fitar hayaƙi a 0.006, yana zurawa yana zarowa har sai da ya ji tana ɗan kamawa, ya mayar da murfi ya maida fulogi yace wa yaron murɗa. Wlh da tsohon batir ɗin da aka ce ya mutu injin ya dinga juyawa fes.

Bayanin da ya min shi ne, irin waɗannan injina akwai wani ɗan ƙulli a jikin kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, da yake ɗan ɗaga bawul lokacin tadawa don iska ta ragu a silinda kik ya samu sauƙi, in tazarar bawul ta yi yawa ƙullin ba ya kaiwa, sai kik ya yi ta kokawa da matsin da ya fi ƙarfinsa. Mutane su yi ta sayen batir da kik a banza, wani har ya ƙona kik ɗin. Wannan kaɗai ya biya kuɗin akori-kurar da ta kai ta.

Juyawa daban tashi daban, sai da aka shiga kafireta. Fetur in ya daɗe a ajiye yana zama wani danƙo ja-ja mai wari, ya toshe ƴar ƙofar da mai ke bi, ga kuma tsatsa a gindin kofin saboda ruwa da ya kwanta. A ƙasan kofin akwai wani ɗan abu mai waya da ke rufe mai in ka kashe ki, shi ma ya maƙale. Da yawa yanke kansa suke yi da filaya a wuce wajen, Baba ya jiƙa shi ya wanke ya gwada da batir muna ji yana ƙas ƙas sannan ya mayar. Ya kuma zaro sandar gwada baƙin mai ya miƙo min yace shinshina, warin fetur ne zalla, wai allurar kafireta ba ta rufewa mai na zurarewa cikin inji ya tsinka baƙin man, in aka yi aiki da shi a haka inji na iya yin nokin. Aka zubar aka zuba sabo SAE 30, wajen lita ɗaya da rabi yake ci, kuma ya sa min ɗan famfon mai irin na janareto a jikin tiyo yace in na gama aiki in rufe in bar ta ta shanye na cikin kafireta ta mutu da kanta. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 dama ba mai son ganin ɗigo ɗaya na zuba a ƙasa.

Wani abin kuma da ban taɓa ji a bakin wani makanike ba sai shi, maganar tsayin Jos. Garin nan yana sama da mita 1,200 daga teku, iska ta fi ta Legas ko Abuja sirantaka, kuma inji mai kafireta yana rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau. Kenan doki 17.5 ɗin da aka rubuta a jiki, a nan sha biyar da ɗan wani abu kake samu, kuma mai yana ɗan rinjayar iska shi ya sa fulogi ke saurin yin baƙi. Shi dai ba da lissafi ya faɗa ba, cewa ya yi injin da ya zo daga kudu in ya hau Filato sai ya yi kasala, kar in matsa mata a doguwar ciyawa jiƙaƙƙiya, in ɗaga wuƙa sama in yi yanka biyu.

Toh yanzu inda aka samu matsala. Na farko lokaci. Aikin da ya ce min jibi ka zo, sai da na gaji da sintiri, kullum ka je ka tarar ya buɗe injin ban ruwan wani mai lambu ko janareton mai shagon aski, yace Alhaji yi haƙuri wannan abincinsa ne ya tsaya, taka ciyawa ce. Gaskiya ya faɗa amma ni ma iyayen yara na ta ƙorafin macizai a fili. In za ka kai masa kai da rani, Fabrairu ko Maris, kar ka bari sai ruwa ya sauka, kuma ka zauna a kan aikinka don in ka tafi an ture shi gefe kenan. Waya kuwa ba ya ɗauka in hannunsa na cikin mai, hannun nasa kuma kullum cikin mai yake.

Na biyu shi ne wanda ya ɓata min rai. A ƙarƙashin kujera akwai wani suwic da ke kashe inji in direba ya tashi alhali wuƙa na juyawa. Yaransa da suna gwaji ya dame su, sai suka cire suka haɗe wayoyin suka naɗe da salatif suka bar shi haka, ba wanda ya gaya min. A fili na lura, na sauka in ɗauke wani dutse na ji wuƙa na ci gaba da gudu a bayan ƙafata. Filin makaranta fa, inda yara ke zuwa kallo duk lokacin da aka tada ta. Na koma na same shi, ya kira babban yaron ya wanke shi tas a gabana, yace kai wa ya koya maka wannan, ya gyara da hannunsa bai karɓi ko sisi ba. Na yaba da hakan, amma duk wanda ya karɓi tarakta daga wajen ya gwada kafin ya bar layin, ka kunna wuƙa ka ɗan ɗaga daga kujera, in ba ta mutu ba kar ka loda ta.

Bel ɗin wuƙa ma ba a dace da farko ba. Na asali babu shi a kasuwa, yaron ya sayo na mota ya ɗaura, ko zagaye uku ba a yi ba ya fara wari ya faɗo. Abin da ya yi aiki shi ne irin bel ɗin injin niƙa mai lamba A, faɗinsa rabin inci ne daidai da na asali. Ka auna tsohon da igiya ta bayansa, abin da ka samu a inci ka cire biyu shi ne lambar, misali in ka samu 96 ka ce a ba ka A94. Ba ya kai na asali daɗewa don wancan an saƙa masa zare mai ƙarfi saboda lanƙwasa gaba da baya da yake yi, amma da arha, ka sayi biyu ka rataye ɗaya. Boris ɗin sandar wuƙa kuwa 6203 ne a tamu, ko wajen masu kayan babur akwai.

Kuɗin aikinsa ba tsada, duka da kafireta da bawul da wayoyi bai kai kuɗin batir ɗin da aka sa mu saya a banza ba, kuma duk abin da ya cire sai ya zuba maka a leda ya ba ka. Ciniki ɗaya yake yi, ba ya ƙara maka wani abu daga baya.

Sauran ƙananan ayyuka ni nake yi a gida yanzu, shi ma ya ce kar in riƙa wahalar da kaina da haya a kansu. Na sayo katako a kasuwar Katako na haɗa benci a garejin gida na ɗaura bais a kai, na nemi sifanu na inci a wajen ƴan gwangwan, wannan ya zama dole don notinan injin na Amurka ne, sifana 13 tana kama da rabin inci amma tana ɗan lilo, in ka matsa sai ta cinye kan noti. Wuƙa ce aikin kullum saboda ƙasar Jos dutse ne ko'ina, ka yi ta tsincewa gobe wani ya fito. Ka fara zare wayar fulogi kafin ka sa hannu a ƙasa, ka tokare wuƙar da guntun katako ka kwance, ka wasa da magagari a bais kana bin asalin gangaren bakin, ba sai ta yi kaifin aska ba, sannan ka rataye ta a ƙusa ta ramin tsakiya, ɓangaren da ya rinjaya ka ƙara ci har ta tsaya daidai. In ba ka yi haka ba girgiza ce za ta kashe maka boris. Baƙin mai duk awa 50 na aiki ko sau ɗaya a damina, filtar iska kuwa da hunturu ƙura ke cika ta ko ba a aiki in ba a rufe ba. Tayoyin na kai wa mai faci ya sa musu tub saboda ƙaya, kuma ka riƙa duba iskar, in ɗaya ta fi ɗaya sai yanka ya fito a karkace ka yi ta zargin wuƙa.

Wani ya tsorata yayana wai kamfanin injin ya rushe ba za a ƙara samun kaya ba. Eh a 2020 sun shiga matsalar bashi a Amurka har aka sayar da kamfanin, amma ana ci gaba da ƙera injinan da kayansu, tun 1908 suke a Milwaukee kuma injinansu sun cika duniya. Matsalarmu a nan kawowa ce da canjin dala, fulogi da tiyo da filtar mai ana samu a Dilimi, gasket da kayan cikin kafireta sai dai ka yi oda ko a ciro daga mataccen inji, Baba na da su jibge.

Giyar baya ce kawai ya ƙi taɓawa. Tamu irin mai aiki da mai ce, ba ka sa giya sai dai ka taka feda gaba ko baya, kuma in ta yi zafi tana rage ja a hawa. Na ce ya buɗe, yace Alhaji ban san cikinta ba, ba zan koya a kan kayanka ba. Abin da ya nuna min kawai shi ne ɗan ƙarfen da ke baya wanda ake ja kafin a tura ta da hannu, don masu lodi sun so su ja ta da ƙarfi tayoyi na turjewa, sai kuma ya sa aka wanke busasshiyar ciyawa da laka da suka toshe fankar da ke sanyaya giyar. Ta ɗan samu sauƙi, a shimfiɗaɗɗen wuri ba ka jin komai, amma gangaren bayan ajujuwa har yanzu da sassafe nake fara yankansa kafin ta ɗau zafi, in rana ta ɗaga sai dai a bar wa mai langalanga.