Tallafin karatun sojan Amurka: abin da na gani cikin shekara huɗu

Ranar da na kira Baba a Zariya na faɗa masa na sa hannu zan shiga sojan ƙasa na Amurka, ya daɗe bai ce uffan ba. Da ya buɗe baki, bai yi maganar yaƙi ba, bai yi ta albashi ba. Cewa ya yi, "To, karatun fa?" Tsohon malamin makaranta ne, ya fi shekara 30 da alli a hannu. Na ce, "Baba, ai su ma suna biya wa soja kuɗin makaranta." Ya ce, "Allah ya sa." A lokacin abin da mai ɗaukar sojoji ya gaya mini kawai na maimaita masa. Yau shekara huɗu ke nan, na ci moriyar shirin, na kuma ɗanɗana ɗacinsa sau ɗaya. 'Yan uwa masu girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin a Amurka, suna yawan tambayata a kansa, to ga abin da idona ya gani.

Sunan shirin Tuition Assistance, amma a bariki TA kowa ke cewa. Kuɗi ne da rundunarka ke biya wa jami'a kai tsaye, kai kuma ka yi karatu bayan an tashi aiki, kana cikin kaki. Ba rance ba ne. Ana biyan har dala 250 a kan kowane kiredit, wato ma'aunin da jami'o'in nan ke auna nauyin darasi da shi. Yawancin kwasa-kwasai kiredit 3 ne, kwas ɗaya ya kama dala 750 ke nan. Iyakar abin da za a kashe maka a shekara dala 4,500, kuma shekarar ta gwamnati ce, daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Satumba. Lokacin da na fara, mu sojan ƙasa dala 4,000 ce iyakarmu da kiredit 16, sai a watan Disamba na 2024 aka ɗaga zuwa 4,500 da kiredit 18. Kwas shida a shekara.

Ɗauki alƙalami ka yi lissafi: digirin farko kiredit 120 ne. Wanda ya dogara da TA kaɗai, daga tushe, zai kusan shekara bakwai kafin ya sa hular yaye ɗalibai. Wannan lissafin ya kashe mini jiki ranar farko, har sai da na shiga cibiyar ilimi ta barikinmu, Fort Riley a jihar Kansas, na zauna gaban wata dattijuwa mai ba da shawara. Ita ce ta buɗe mini ido, kuma in za a tambaye ni abu mafi daraja a duk shirin nan, zan ce wannan kujerar da ke gaban teburinta, wadda ba a biyan ko sisi kafin a zauna a kai.

Ta buɗe wata takarda a kwamfuta da ban san ina da ita ba, Joint Services Transcript. Duk horon da soja ya yi yana ciki, daga horon farko har na sana'a, kuma wata majalisar ilimi mai suna American Council on Education ta riga ta kimanta kowanne da adadin kiredit ɗin da ya dace. Ni aikina kula da sito ne, ƙirgar kaya da rarraba su, makarantar da na zaɓa ta karɓi kiredit 12 daga ciki. Shawara ce majalisar ke bayarwa, makaranta ke yanke abin da za ta karɓa, don haka a tambaya tun kafin a yi rajista. Sannan ta nuna mini jarrabawar CLEP: ka zauna gaban kwamfuta kimanin minti 90, in ka ci an yafe maka kwas guda. Hukumar DANTES ke biya wa soja kuɗin zaman farko. In ka faɗi, sai ka jira wata uku, kuma na biyun daga aljihunka. Na ci huɗu, na sami wasu kiredit 12. Ga 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi, akwai CLEP ta Faransanci. Wanda ya yi boko da harshen zai iya fita da kiredit 6 ko fiye a zama ɗaya. Wani ɗan Maraɗi da muke sallar Juma'a tare haka ya yi.

Difilomata ta gida ma ba ta tafi a banza ba. Kamfanoni irin su WES suna tantance takardun ƙasashen waje, amma TA ba ya biyan wannan, ni na biya. Wahalar tana wajen fito da sakamakon daga makarantar da na yi a gida. Sai da yayana ya yi wata biyar yana sintiri tsakanin ofisoshi. Da ya iso, aka karɓi kiredit 27. Kafin in taɓa dala ɗaya ta TA, ina da 51 cikin 120.

Neman kuɗin kansa ba wuya. A shafin ArmyIgnitED ake yi: ka ɗora tsarin digirinka, ka zaɓi kwas, ka nemi tallafi aƙalla kwana 7 kafin ranar fara darasi. Wanda ya makara, shi zai biya.

Abin da ba a bayarwa shi ne lokaci, kuma a nan ne ake gane wanda ya zo da gaske. Ƙarfe 6:30 na safe muna filin motsa jiki. Aiki sai biyar na yamma in an yi sa'a, in kuwa ana binciken kayan sito, sai abin da hali ya yi. Ga gadin awa 24 da ke zagayowa kan kowa. Kwasa-kwasan da na yi duk ta intanet ne, na mako takwas-takwas, kuma kowace Lahadi da ƙarfe 11:59 na dare ƙofar miƙa aiki take rufewa. Abokin ɗakina yana barci da wuri, don haka ɗakin wanki na bariki ya zama ajina. Akwai wani tebur mai ƙafa ɗaya gajera, nakan naɗe kwali in tokare shi, in ɗora kwamfuta, injinan busar da kaya suna ta gurnani a bayana, ɗumi da ƙamshin sabulu sun cika wurin, a waje kuwa sanyin Kansas na yankar kunne. Da azumi kuma bayan sahur nake rubutu, tsakanin asuba da fita fili. Mafi kyawun rubutun da na yi a kwas ɗin lissafin kuɗi a wannan sa'ar na yi shi, da dabino uku da ruwan shayi a cikina.

Ɗacin da na ambata ga yadda ya zo. A shekarata ta biyu na ɗauki kwas biyu lokaci guda, alhali na san rundunarmu za ta tafi atisaye Fort Irwin, cikin hamadar Mojave ta Kalifoniya. Na ce zan yi aikin gaba kafin mu tashi. Ban gama ba. A can kuwa akwai kimanin mako biyu da ake karɓe wayoyi, babu intanet, babu komai sai ƙura da rana. Na dawo na ceto kwas ɗaya, ɗayan na sami D. Dokar a fili take: mai digirin farko dole ya sami C ko sama, mai digiri na biyu B, in ba haka ba ka mayar da kuɗin. Dala 750 aka yanka daga albashina kaɗan-kaɗan, a watannin da nake tura wa gida kuɗin asibitin Inna. Abin da ya fi ci mini rai, akwai mafita da ban bi ba. In aikin soja ne ya hana ka, za ka iya janyewa daga kwas ɗin, kwamandanka ya sa hannu cewa dalilin aiki ne, a yafe maka biyan. Sajenmu da ya ji labari ya ce me ya hana ni zuwa wurinsa tun kafin mu hau jirgi. Kunya ce ta hana ni, irin tamu ta gida da ba ka son damun na gaba da kai da matsalarka. Tun daga nan, kafin in yi rajistar kowane kwas sai na duba jadawalin atisayen rundunar tukuna, kuma kwas ɗaya nake ɗauka in akwai alamar tafiya.

Inda nake ganin shirin ya gaza shi ne wannan dala 250. Tun 2002 aka tsayar da ita, ba ta motsa ba, alhali kuɗin jami'a a Amurka ya yi tashin gwauron zabo. Sakamakon haka soja yana zaɓar makaranta ne daga cikin waɗanda suka yarda su sauko da farashinsu zuwa 250, in ba haka ba ya cika ragowar da kansa. Littattafai da sauran kuɗaɗen makaranta ma ba sa ciki. Ni tallafin Pell Grant, wanda gwamnati ke ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ne ya rufa mini asiri. Mai girin kad ma yana da haƙƙin nema ta fom ɗin FAFSA, kuma ƙaramin soja mai ƙaramin albashi sau da yawa yana dacewa. Sannan kada a ɗauka kuɗin nan dutse ne da ba ya motsi. A watan Maris na 2013, lokacin tsuke kasafin gwamnati, rundunoni da dama sun dakatar da shi, sai da majalisar dokoki ta sa baki aka dawo da shi.

A yi hattara da masu farautar kuɗin. Na taɓa rubuta lambata a wani shafi ina neman bayani, wata makaranta ta yi mako uku tana kirana safe da yamma, da zaƙin baki kamar dillalin mota, wai in yi rajista yau-yau. Akwai dalili. Dokar Amurka ta hana makarantun neman riba samun fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsu daga tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya, amma shekaru da yawa ba a lissafa kuɗin sojoji a ciki, sai soja ya zama nama mai maiƙo. A 2021 aka gyara dokar, gyaran ya fara aiki a 2023. Duk da haka, kasancewar makaranta ta sa hannu a yarjejeniya da ma'aikatar tsaro bai nuna wata jami'ar za ta karɓi kiredit ɗinta ba in an yi maka canjin bariki. Wannan tambayar ita za ka fara yi. Akwai kuma waɗanda suka daɗe suna wannan aikin da mutunci. Jami'ar Maryland tun 1949 take tura malamai su koyar da sojojin Amurka a Jamus.

Me ya sa ba zan jira in bar aiki in yi amfani da GI Bill ba, wato tallafin karatun da ake ba tsofaffin sojoji, tunda ya fi tsoka? Saboda GI Bill wata 36 ne kacal, TA kuwa ba ya rage shi ko da kwana ɗaya. In na gama digirin farko da TA, wata 36 ɗin nan suna nan ajiye don digiri na biyu. Ko kuma, in na cika shekara 6 a aiki na amince da ƙarin 4, in mayar wa matata ko 'yata. Ga kuma ƙarin girma: kiredit ɗin jami'a yana zama maki wajen neman igiyar saje, kuma ya taimaka mini na samu tawa bara.

Zuwa yau na ci kwas 18 da kuɗin TA, dala 13,500 ke nan da ba ta fito daga aljihuna ba, ban kuma ci bashin kowa ba. Saura kwas biyar in kammala digiri a fannin sarrafa kaya da jigilarsu. Kuɗin bana sun ƙare, ina jiran 1 ga Oktoba. Baba har yanzu duk ranar Juma'a in mun gaisa, kafin ya tambayi jikarsa sai ya ce, "Saura nawa?" Makon jiya na ce, "Biyar, Baba." Ya ce in aiko masa da jadawalin, yana so ya san ranar da kowanne zai fara.